Jirgin Alhaji Zai Iya Ɗaukar Haya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne mai riƙe wa maigidana lissafi, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Yana son sayen ƙaramin jirgin sama na hannu mai kujera takwas, don zirga-zirgarsa tsakanin Kano, Abuja da Legas. Dillalin ya ce cikin wata biyu takardu za su fito, kuma ranar da Alhaji ba shi da tafiya sai a bayar da shi haya ga masu biki da 'yan siyasa, ya riƙa ci da kansa. Amma wani aminin Alhaji jirginsa ya fi wata takwas a ajiye yana jiran takardu. Wa za mu gaskata?
Mai karatu daga Fagge, Kano.

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam. Ku gaskata jirgin da ke ajiye, domin shi ba ya jiran la'ada.

Dillalin nan ya ƙulla muku abu biyu a ɗauri ɗaya, alhali a wurin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, kowanne ƙofarsa daban. In Alhaji zai hau jirginsa shi da iyali da baƙinsa, ba a karɓar ko sisi, takardar da zai nema ita ce PNCF, izinin tashi ba don kasuwanci ba. Amma ranar da wani ya biya kuɗi aka ɗauke shi, ko da ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, jirgin ya zama na haya. Shi kuma na haya sai da izinin gudanar da kamfani, sannan da babbar takardar nan, AOC, shaidar cewa kamfanin ya cancanci ɗaukar rayukan mutane.

A kan AOC ɗin nan ake tsufa. Mataki biyar ne, kuma ba Najeriya ta ƙirƙiro su ba, tsarin hukumar jiragen sama ta duniya ICAO ne: zaman fahimtar juna kafin a nema, miƙa takardar nema, tantance littattafai, gwaji da duba a aikace, sai bayar da shaida. Na ukun ne ramin. Kamfani zai rubuta littafin yadda zai tafiyar da jirgi, da na gyara, da na horar da matuƙa, da na tsaro, da jerin kayan da in sun lalace za a iya tashi da waɗanda ba za a iya ba. Sai ya naɗa shugaban matuƙa da shugaban sashen gyara da mai sa ido kan inganci, kowannensu hukuma ta amince da shi. Lokacin da nake aiki na ga kamfanin da ya ari littafin wasu ya canja suna a bango, ya manta a ciki ana maganar wani samfurin jirgi daban. Aka dawo musu da shi, suka gyara, suka sake shiga layi daga baya. Kafin layi ya zo kansu shugaban matuƙan ya samu aiki a waje ya tafi, aka koma neman wani.

Ba ina wanke hukuma ba ne. Masu duba jiragen ba su da yawa, fayil kan kwana a tebur, kuma in mai duba samfurin jirginku yana wani aikin sai ku jira shi. Jiran kuwa da tsada: matuƙa biyu na cin albashi, inshora na tafiya, kuɗin ajiya na hawa, kuma wasu sassan jirgi da kwanan wata ake duba su, ko ya tashi ko bai tashi ba. Ka sa wannan a lissafinka tun yanzu.

Na san abin da dillalin zai raɗa wa Alhaji: a karɓi PNCF, haya kuma a yi ta cikin sirri, kowa ma haka yake yi. An yi hakan da yawa, shi ya sa aka ƙara matsa kowa. A Nuwamban 2023 wani ƙaramin jirgi ɗauke da Ministan Lantarki Adebayo Adelabu ya yi hatsari wajen sauka a Ibadan, Allah ya tsare ba a rasa rai ba, kuma bincike ya nuna izinin da ba na kasuwanci ba ne a hannun masu jirgin. A Afrilun 2024 NCAA ta dakatar da masu PNCF uku saboda ɗaukar haya, ta ce a sake tantance kowa. A Yulin shekarar ta dakatar da wasu goma da ba su kawo kansu ba. Ban da wannan, in aka yi hatsari da fasinjan haya a jirgin da aka yi wa inshorar hawan kai, kamfanin inshora na da hujjar zare hannunsa.

Sai Kwastam. Ka dubi harafin da ke jikin jirgin: na Najeriya da 5N yake farawa, na Amurka da N, na San Marino da T7. Da yawa ana shigo da su da rajistar waje bisa izinin wucin gadi, wa'adi ya ƙare a yi shiru. A 2021 da kuma 2024 Kwastam ta kira masu jiragen su kawo shaidar biyan kuɗin fito. Kada Alhaji ya sayi jirgi ya gaji bashin wani.

Da ni ne ku, jirgi ɗaya bai kai a kafa masa kamfani ba. In Alhaji na son haya, ya miƙa shi ga kamfanin da ya riga ya mallaki AOC, su nemi a ƙara shi cikin jiragensu, su riƙe matuƙa da gyara, a raba riba bisa yarjejeniya. Shi ma sai hukuma ta duba, amma ba daga tushe za a faro ba, musamman in suna da irin samfurin. Kuma kafin a biya kafin alƙalami, ku ɗauki injiniyanku na kanku, ba na dillali ba, ya zauna da littattafan tarihin gyaran jirgin shafi bayan shafi. In dillalin ya nace a kan wata biyunsa, ku ce a rubuta cewa la'adarsa sai ranar da jirgin ya tashi daga filin Malam Aminu Kano da takardunsa a ciki.