Kowa Ya Yi Tambaya: Yarana Gwanaye Ne a Atisaye, Amma Ranar Wasa Sai Su Rikice

Wasiƙun wannan mako duk sun karkata ne ga horar da yara ƙwallon ƙafa. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su, ga kuma amsoshin teburinmu na wasanni.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina horar da yara 18, 'yan shekara 11 zuwa 13, ƙwallayenmu uku, muna fita sau uku a mako. Nakan jera su layi biyu su riƙa miƙa wa juna fasin, sannan su zagaya duwatsu da ƙwallo. Suna yi tsaf, har masu wucewa kan tsaya kallo. Amma ranar wasa sai ka ce ba su taɓa ganin ƙwallo ba. Laifin wa? Daga wani koci a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Yaran ba su da laifi, tsarin atisayen ne yake bukatar gyara.

Mu fara da lissafi. Yara 18 a layi biyu, ƙwallo ɗaya tana kai da komo. Idan kowane fasin da komawa bayan layi ya ci daƙiƙa uku, yaro zai jira kusan minti ɗaya kafin ƙwallo ta sake zuwa ƙafarsa. A minti 15 taɓawarsa ba za ta wuce 17 ba, sauran lokacin a tsaye yake yana kallon ƙeyar na gabansa. Kuma ko waɗannan 17 ɗin, tun kafin ƙwallon ta iso ya san daga ina za ta fito, ya san wanda zai ba. Babu mai biyo shi, babu mai tare masa hanya. A wasa kuwa, buga ƙwallon shi ne mataki na ƙarshe. Kafin nan sai yaro ya ga inda abokan gaba suke, ya zaɓi abin yi, cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Layinku yana koyar da matakin ƙarshe kaɗai. Kamar wanda ya koyi tuƙin babur a filin makaranta ranar Lahadi ne, aka wayi gari aka ce ya ratsa tsakiyar kasuwa.

Masana koyon motsi sun daɗe da gano wannan. A 1979, John Shea da Robyn Morgan a Amurka sun koya wa mutane salon motsin hannu iri uku. Rukuni ɗaya ya riƙa maimaita salo guda har ya gama kafin ya koma na gaba, ɗaya rukunin kuma aka cuɗanya masa su, bai san wanne zai zo ba. A lokacin koyon, masu maimaita abu guda sun fi yin kyau. Da aka sake gwada su bayan kwana 10, waɗanda aka cuɗanya wa ne suka yi fintinkau. Abin da ya yi kyau a idon koci da yammacin Talata ba lallai ne ya zauna a jikin yaro har Asabar ba.

Ga yadda za ka juya yaranka 18 da ƙwallayenka uku. Raba su gida uku, shida-shida, kowane gida da ƙwallonsa. Bayan ɗumama jiki na minti 10, zana murabba'i uku, kowanne mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Idan babu ma'auni, babban taku ɗaya na babban mutum ya kusa mita. Yara huɗu a gefe, biyu a tsakiya suna neman ƙwace ƙwallo. Wanda ya zubar ya shiga tsakiya. Wannan shi ne rondo, wanda Johan Cruyff ya mayar abin kullum a Barcelona lokacin da yake kocinta daga 1988 zuwa 1996. Ka ba shi minti 15.

Daga nan sai uku da uku, a fili mai mita 25 da 15, da ƙananan raga masu faɗin mita biyu, ba gola. Takalma ko robobin ruwa cike da yashi sun isa alama. Wasa na minti huɗu, hutu na minti ɗaya, a sauya abokan karawa, zagaye biyar. Ragowar lokaci a haɗe a yi tara da tara, ka bar su su buga.

Inda ake yin kuskure shi ne girman fili. Idan ka ga ba a iya haɗa fasin uku a jere, murabba'in ya yi musu kaɗan, ƙara mita biyu ko ka mayar da na tsakiya mutum ɗaya. Idan kuma na tsakiya sun yi minti guda ba su ko taɓa ƙwallo ba, fili ya yi yawa, ka rage. Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne yaro ya yi nasara sau shida ko bakwai cikin goma. Idan goma-goma yake ci, ba abin da yake koya. Idan biyu yake ci, zai karaya ya fara buge ƙwallo ko ina don ya rabu da ita.

Layi yana da ranarsa. Yaron da bai taɓa buga ƙwallo da cikin ƙafa ba yana bukatar ya maimaita babu mai takura masa, na minti biyar ko takwas, su biyu-biyu, har jikinsa ya gane motsin. Da zarar ya gane, a sa masa mai tsaro. Kuma ka shirya wa surutu, domin atisayen zai yi kama da hargitsi, iyaye ma za su ce ba koyarwa kake ba, wasa kawai ka bar su suna yi. Ka daure wata biyu, sannan ka duba wasanninsu.

TAMBAYA: Ni ba na iya ganin kuskure in yi shiru. Duk taɓawar da yaro ya yi ina gaya masa abin da ya ɓata. Abokin aikina ya ce ina rikita su. Ashe gyara ba shi ne aikin koci ba? Daga wani malamin motsa jiki a Maraɗi.

AMSA: Gyara aikinka ne, Malam, amma yawansa ne matsalar, kuma abokin aikinka yana da gaskiya. Yaron da aka saba gaya wa kuskurensa nan take yakan daina nema da kansa. Za ka gane shi a wasa: da ya zubar da ƙwallo, sai ya juyo yana kallon benci. A 1990, Carolee Winstein da Richard Schmidt sun gwada rukuni biyu, ɗaya ana gaya masa sakamako bayan kowane yunƙuri, ɗayan kuma a rabin yunƙurin kawai, ana ragewa a hankali. Da aka janye bayanin baki ɗaya aka gwada su daga baya, waɗanda aka rage wa ne suka fi riƙe abin da suka koya.

Saboda haka ka zaɓi abu ɗaya tak da za ka gyara a kowane atisaye. Idan yau tarar ƙwallo ne, ka kau da kai daga sauran. Ka bar yaro ya gwada sau huɗu ko biyar kafin ka yi magana, kuma idan za ka yi, kira shi gefe wasa na tafiya, kada ka hura usur ka tsayar da sauran yara duka saboda mutum ɗaya. Tambaya ta fi umarni shiga: "Wa yake a buɗe lokacin da ka karɓa?" Ka jira ya amsa, ko da zai yi ɗan jim.

Yadda ake furta gyaran ma yana da tasiri. Gabriele Wulf, wadda ta koyar a Jami'ar Nevada da ke Las Vegas, ta yi ta nunawa tun 1998 cewa mai koyo yakan fi yin daidai idan hankalinsa yana kan abin da motsin zai haifar, maimakon kan gaɓoɓinsa. Maimakon "ƙarfafa idon sawu, karkatar da ƙugu, sunkuyar da ƙirji", ka ce "bugi tsakiyar ƙwallon, ta tafi a ƙasa har ƙafarsa ta dama". Jikin zai nemo hanyarsa. Zagi da tsawa kuwa ba gyara ba ne ko kaɗan. Yaron da yake tsoron bakinka zai daina gwada yanka da fasin mai ratsa 'yan baya, ya koma mayar da ƙwallo baya, kai kuma ka ɗauka ya natsu.

TAMBAYA: Ɗana shekararsa tara. Kocinsu yana sa su buga babbar ƙwallo, yana kuma jefa musu ita su sa kai. Ya dawo yana kukan ciwon kai. Sannan ƙafar hagunsa ba ta aiki ko kaɗan. Me zan yi? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Hajiya, maganar kai ta fi gaggawa. Ki sa mahaifinsa ko ke da kanki ki gaya wa kocin a daina. Hukumar ƙwallon Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai tun 2015, ta Ingila ma a 2020 ta ce a cire shi daga atisayen yaran firamare. Idan ciwon kan ya ci gaba, ko ya zo da amai, jiri ko yawan barci, a kai shi asibiti, kuma kada ya koma fili sai likita ya yarda.

Ƙwallon da ta dace da shi ita ce mai lamba 4, nauyinta giram 350 zuwa 390. Mai lamba 5 ta manya ce, giram 410 zuwa 450, ana fara ta wajen shekara 13. Yaro ƙarami da babbar ƙwallo yakan koma buga ta da tsinin yatsu don ta yi nisa, wannan ɗabi'ar kuma tana da wuyar cirewa daga baya.

Ƙafar hagu bango take so. Ya tsaya mita huɗu ko biyar daga katanga, ya buga da hagu, ya tare da hagu, minti 10 kullum. Kada ya tsaya wuri ɗaya: ya matso, ya ja baya, ya buga a karkace, wani lokaci da ƙarfi wani lokaci a hankali. A zana da'ira da gawayi a jikin bangon ya riƙa nema. Idan suna wasa da yayyensa a tsakar gida, a ce ƙwallon da aka ci da hagu biyu ce. Da kansa zai fara neman ta.

TAMBAYA: Ina da ɗan tsakiya mai shekara 15, ƙafarsa tana da kyau ƙwarai, amma kullum daga baya ake zuwa a ƙwace masa ƙwallo. Na gaya masa ya riƙa waiwaye har na gaji. Ana iya koyar da wannan, ko baiwa ce? Daga wani koci a Jos.

AMSA: Ana koyar da shi, amma ba da baki ba. Geir Jordet, masanin halayyar 'yan wasa a makarantar kimiyyar wasanni ta Norway, ya shafe shekaru yana ƙirga sau nawa 'yan wasa suke ɗauke ido daga ƙwallo su duba kewaye kafin ta iso gare su. Ya samu cewa masu yawan dubawa sun fi kai fasin inda suka nufa, musamman fasin gaba.

Abin da ya sa yaronka ba ya waiwaye shi ne a atisayenku babu abin da yake zuwa masa daga baya. Idan ka ce "waiwaya" zai juya wuya don ya faranta maka, amma ba zai ga komai ba. Sai ka shirya wasan da in bai duba ba zai yi asara.

Gwada wannan da mutum huɗu. Mai bayarwa a gabansa da nisan mita 10, shi a tsakiya, mai tsaro mita biyar a bayansa, sai na huɗu can gaba a bayan mai tsaron. Daidai lokacin da mai bayarwa ya ɗaga ƙafa, mai tsaro ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya taho ta dama, ya taho ta hagu, ko ya tsaya. In ya taho ta dama, ɗan tsakiya ya juya ta hagu ya kai wa na huɗu, in ta hagu ya taho, ya juya ta dama. In ya matse shi sosai, ya mayar da taɓawa ɗaya. In ya tsaya, ya juyo ya tunkare shi. Ka lura da lokacin duban: sau ɗaya kafin a bugo, sau ɗaya ƙwallo tana kan hanya, sannan ido ya dawo kanta kafin ta taɓa ƙafa. Yawancin yara suna yin duban ne a makare, daidai lokacin tarar, sai ƙwallon ta kuɓuce ta ƙarƙashin ƙafa. Ka kuma duba tsayuwarsa. Idan ƙirjinsa yana fuskantar mai bayarwa kai tsaye, sai ya juya wuya sosai kafin ya ga bayansa. In ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya tana nuna ragar abokan gaba, ɗan kallo kaɗan ya ishe shi, kuma zai tari ƙwallon da ƙafar da ta fi nisa da mai bayarwa.

Wasu kocin suna ɗaga yatsu ko riga mai launi a bayan yaro su ce ya faɗi abin da ya gani. Ba laifi a makon farko don ya saba ɗaga kai, amma kada a daɗe a kai, domin a wasa ba yatsu zai karanta ba, gudun mutum da tazara zai karanta.

Bayan minti 10 na wannan, ka kai shi cikin wasan biyar da biyar, a fili mai mita 35 da 25 da aka raba gida uku. Ƙa'ida ɗaya: ba a cin ƙwallo sai ta bi ta ƙafar ɗan tsakiya a yankin tsakiya, kuma idan ya karɓa ya juya gaba da taɓawa biyu aka ci, a ƙirga uku. Ka hana abokansa yi masa ihun "mutum a bayanka" a rabin farko, ka bar su a rabi na biyu. Sau biyu a mako, mako shida. Don ka san ko ana samun ci gaba, ka sa wani ya ɗauki bidiyonsa da waya a wasan farko da na ƙarshe, kyamara a kansa shi kaɗai, ku zauna tare ku ƙirga dubansa a daƙiƙa 10 kafin kowace ƙwallo ta iso.