Furotin a jini da karayar ƙashi: mene ne haɗinsu?

Tambaya: Likita, mahaifina ya haura shekara 60, ya daɗe yana fama da ciwon baya. Kwanan nan hannunsa ya karye, bokitin ruwa kawai ya ɗaga. An ce gwaji ya nuna wani baƙon furotin a jininsa. Ina ruwan jini da ƙashi? Daga wata 'yar Rigasa, Kaduna.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku hana shi nama ko wake, wannan furotin ba daga abinci yake ba. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da ke haɗa sinadaran garkuwar jiki. Wani lokaci ƙwaya guda takan lalace, ta yi ta hayayyafa, zuri'arta na zubo furotin iri ɗaya marar amfani cikin jini.

Ƙashi kullum cikin sabuntawa yake, wasu ƙwayoyi na cinye tsoho, wasu na gina sabo. Ɓatattun ƙwayoyin ɓargon nan sai su zuga masu ci, su danne masu gini. Ƙashin ya rarake ta ciki kamar azarar da gara ta ci, musamman ƙashin baya, haƙarƙari, ƙugu da ƙoƙon kai. Kalsiyam ɗin da ya narke ya shiga jini, ya kawo ƙishirwa, taurin bayan gida da ruɗewa. Furotin ɗin kuma yana toshe ƙoda.

Akwai mai sauƙinsa da ake kira MGUS, inda furotin ɗin ke cikin jini amma bai yi wa jiki ɓarna ba, wanda kusan mutum 1 cikin 100 ne a shekara yake rikiɗe masa zuwa sankarar ɓargo, wato mayeloma, cutar da ta fi kama baƙar fata kusan ninki biyu. Amma karaya babu faɗuwa a wannan shekarun, ni mayeloma zan fara nema.

Ku kai shi wajen likitan jini, a asibitin Barau Dikko ko na Shika. Za a yi gwajin SPEP, wato gwajin jini mai tantance irin furotin ɗin, a duba fitsari, kalsiyam da ƙoda, a ɗauki hoton ƙasusuwa, a ɗebi ɓargo. Ana shawo kan cutar da magani, akwai kuma allurar zoledronat mai rage cin ƙashin, sai dai a fara duba haƙoransa.

Kafin nan, don Allah kada a kai shi wajen mai ɗori, matsa irin wannan ƙashin ƙara karya shi ne. Diclofenac da ibuprofen na kemis ma a ajiye su, suna ƙarasa ƙoda. Idan ƙafafunsa suka yi rauni ko fitsari ya ƙi fita, a ranar za ku tafi asibiti.