Hukuncin Biyan Kuɗin Abincin Mako Guda Tun Kafin a Ɗora Tukunya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Abuja, da aurena da yara uku. Kowane wata akwai makon da nake aikin dare, in fita kafin magariba, ba na dawowa sai hantsi, a gajiye liƙis. A irin wannan makon akwai wata mata mai sana'ar girki a gidanta da nake tura wa kuɗi ranar Lahadi, ita kuma kullum ta aiko mai babur da abincin rana da na dare har Asabar. Wani lokacin kuma mukan yi oda ta manhajar waya daga gidan abinci. Surukata ta zo ta gani, ta ce abincin saye ba shi da albarka, kuma macen da ba ta ɗora tukunya ba ta tauye haƙƙin aure. Wata abokiyar aikina kuma ta ce biyan kuɗin abin da ba a dafa ba tukuna haramun ne, cinikin abin da babu ne. Malam, ina cikin zunubi?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Abin da kike yi halal ne, babu zunubi a kanki, sai dai akwai wasu sharuɗɗa da za ki kiyaye.

Aiken mutum ya sayo abinci yana cikin Alƙur'ani. A Suratul Kahfi, aya ta 19, da samarin kogo suka farka daga barcinsu yunwa ta kama su, sai suka ce a aiki ɗayansu da azurfarsu zuwa birni, ya duba abincin da ya fi tsarki ya kawo musu. Alƙurɗubi da wasu malaman tafsiri sun kafa hujja da wannan ayar a kan halaccin wakilci. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne. Wane ne a cikinmu ba a taɓa ba shi langa da sassafe an ce ya ruga gidan mai ƙosai, ko ya tsaya bakin tanda yana jiran a kwashe waina ba? Babur da waya ne kawai suka shigo, ciniki yana nan yadda yake.

Maganar abokiyar aikinki tana da tushe, amma ta ɗora ta inda ba wurinta ba. Gaskiya ne Annabi (SAW) ya ce wa Hakimu ɗan Hizamu kada ya sayar da abin da ba shi da shi. To amma malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware irin cinikinki. Shehu Khalil a cikin littafinsa Mukhtasar, a babin salam, wato cinikin da ake biyan kuɗi tun gaba a kawo kaya daga baya, ya ce ya halatta a yi saye a wurin mai sana'ar da ba ya fashi, ya ba da misali da mai gasa gurasa, ya ce wannan ciniki ne sosai. Dalili kuwa, mutumin da kullum wutarsa a kunne take, abin da zai dafa gobe kamar yana hannunsa ne yau. Asalin wannan aikin mutanen Madina ne: sukan tsadance da mahauci a kan farashi sananne, kullum su karɓi awo ɗaya ko biyu na nama, su biya idan rabon baitulmali ya fito. Har suna malamai suka ba shi, cinikin mutanen Madina. Tun da an yarda a karɓi kaya kullum a jinkirta kuɗi, ke da kika biya tun ranar Lahadi ai kin fi nisa da shubuha.

Abin lura shi ne matar ta zama girki sana'arta ce ta yau da kullum. Idan mai yi yau ta bari gobe ce, ciniki ya koma salam, shi kuwa sharuɗɗansa sun fi tsanani. Sannan ku san abin da kuka tsadance a kai: kwana nawa, ci nawa a rana, na mutum nawa, da nama ko babu. Hadisin Ibn Abbas da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi umarni ga mai biya tun gaba da ya biya a kan mudu sananne, awo sananne, zuwa lokaci sananne. Ba dole ba ne ki san ko miyar ranar Talata kuka ce ko taushe, wannan ƙaramin rashin sani ne da shari'a ke yafewa, tunda al'ada ta san girman kula ɗaya ta tuwo. Abin da ba ya halatta shi ne ki tura kuɗi a ce miki "duk abin da ya samu", domin nan ne rigima ke tsirowa. Ki kuma sani, idan jimlar abincin mako kika saya a dunƙule, ba ki da ikon fasawa ranar Laraba don an canza miki aiki, sai da yardarta. Ta riga ta yi cefane da kuɗin. Ita ma ranar da ta kasa kawowa, kuɗin wannan ranar bashi ne a wuyanta, ta mayar ko ta rama.

Sai tsarkin abincin, wanda samarin kogo suka fara ambata. Idan mai girkin Musulma ce, ki ci ba tare da bincike ba. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa wasu mutane sun ce wa Annabi (SAW) ana kawo musu nama ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah wurin yanka, ya ce su yi bisimilla su ci. Masu kawo naman kuwa sababbin shiga Musulunci ne. Idan Kirista ce, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, matuƙar dabbar halal ce kuma yanka ta aka yi. Inda nake jan kunnenki shi ne odar manhaja, domin a waya hoton faranti kawai kike gani, ba ki ganin kicin. A gari irin Abuja akwai gidajen abincin da ke soya naman alade, akwai masu zuba giya a wasu girke-girken ƙasashen waje. Abu Sa'alaba ya tambayi Annabi (SAW) game da tukwanen Ma'abota Littafi, ya ce idan sun sami wasu kada su ci a cikinsu, idan ba su samu ba su wanke su ci. Ke kuwa kin sami wasu, ga su nan birjik. Ki karanta jerin abincin gidan tun daga sama har ƙasa, in kin ga alade a ciki ki wuce.

Yanzu ga maganar Hajiya surukarki, kuma ita ce nake ganin ta fi damunki. Ciyar da gida wajibin miji ne, wannan babu saɓani. Hidimar cikin gida kuwa malamai sun saɓa. Shafi'iyya da Hanbaliyya a mashahurin zancensu ba su wajabta wa mace girki ba. Malikiyya, wadda ita muke bi a ƙasar nan, ta ɗora wa mace hidimar ciki irin su kwaɓa gari da shara da shimfiɗa bisa al'adar garinsu, sai idan tana cikin matan da ake yi wa hidima kuma mijin mai hali ne, sai ya ɗauko mata mai aiki. Ko a wannan mazhabar, haƙƙin na miji ne, ba na uwarsa ba, kuma mai haƙƙi yana iya sassautawa. Mutumin da ya yarda matarsa ta kwana tana jinyar marasa lafiya, ya san ba za ta dawo da hantsi ta kama tuƙin tuwo ba. Ki zauna da shi ku yi magana a fili, idan ya amince magana ta ƙare. Kuɗin abincin a kansa yake gwargwadon ƙarfinsa. Idan ke kike biya daga albashinki da daɗin rai, Annabi (SAW) ya ce game da Zainabu matar Ibn Mas'ud, mai ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Shi ma maigidan ya ji wannan: an tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. Dafa shayi da soya ƙwai ga yara ba ya zubar da rawani.

Ban san wani nassi da ya ce albarka tana fita daga abinci don an saye shi ba. Amma kada ki yi wa Hajiya gardama, domin akwai abin da take hange. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun yi kukan suna ci ba sa ƙoshi, Annabi (SAW) ya ce wataƙila a rarrabe suke ci, ya umarce su su haɗu a kan abincinsu su ambaci sunan Allah, za a sa musu albarka. Cutar abincin oda ke nan: kowa da 'yar robarsa, wannan ya shige ɗaki, wancan yana ci yana latsa waya. Idan mai babur ya kawo, a juye a faranti ɗaya, a shimfiɗa tabarma, a kira yara su wanke hannu, babban ya yi bisimilla da ƙarfi ƙananan su ji. Ranar hutunki ki shiga kicin da kanki, ki zuba wa Hajiya nata a kwano mai kyau ki aika mata. Abin da ya yi saura kuma kada ya kwana ya lalace, ga mai gadi a bakin ƙofa, ga almajirai.

Saura mai babur, wanda kowa ke mantawa da shi. Kada a bar shi tsaye a rana yana ta buga waya, a sallame shi da wuri. Ranar Juma'a kuma, ke sallar ba ta wajaba a kanki ba, amma shi in Musulmi ne ta wajaba. Aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta ce idan an yi kiran salla a bar ciniki, Khalil kuma ya ce cinikin da aka ƙulla da kiran salla na biyu ana rushe shi, har da ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada. Ki gaya wa mai girkin abincin ranar Juma'a ya iso kafin azahar ko bayan an sauko daga masallaci, a manhaja ma kada ki danna oda a wannan tsakanin.

Wallahu A'alam.