Hoton sauti a cikin maƙogwaro lokacin tiyata

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa likita zai ɗauki hoton sauti daga cikin maƙogwaron Baba yayin aiki, alhali an yi masa sitisikan (wato hoton cikin jiki na CT) a kan ƙarin da ke maƙogwaronsa. Allah ya ba shi lafiya.

Madubin da ake zurawa ta baki saman ƙari kawai yake nunawa, ba ya faɗin zurfinsa. To bayan an sa majiyyaci barci, sai a zura siririyar na'ura mai sauti na megahaz 10 zuwa 20 (megahaz ma'aunin saurin kaɗawar sauti ne). Sautin ba ya ratsa iska, shi ya sa ake cika wurin da ruwan gishiri, balan-balan ɗin da ke jikin bututun numfashin da aka sa wa majiyyaci kuma ya toshe hanya kada ruwan ya gangara huhu. Nan likita zai ga ko ƙarin ya tsaya a jijiyoyin murya ko ya ci har guringuntsi. Wannan ne ke raba yanka kaɗan da leza da cire babban sashe, wato batun ko muryar Baba za ta tsira.

Likitocin Jamus sun yi aiki sosai a kan wannan hoton sauti tun shekarun 1990. Amma fa guringuntsin tsofaffi yakan zama ƙashi ya tare sautin, kuma sai an gutsiri nama an gwada kafin a ce ciwon daji ne.