Amsa ga mai tambaya kan tsoffin tambayoyin jarrabawar lauyoyi

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka gama digirin lauya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, an tura ka Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda, ka tara tsoffin tambayoyi na shekaru goma da amsoshinsu, kana karantawa kullum amma ba ka ga sun zauna ba. Ai ba za su zauna ba, don ba a yi su domin karatu ba. Rubuta su ake yi, da biro da agogo, littafi a rufe.

Fara da ware su bisa darussa biyar ɗin: shari'ar laifuka, shari'ar da ba ta laifi ba, harkar kamfanoni, filaye da kadarori, sai ladubban aikin lauya. A kowane darasi ka ja layi a takarda, ka jera batutuwa a gefe, shekaru a sama, duk inda batu ya fito ka yi alama. Kafin ka gama za ka ga wasu layukan sun cika maƙil: tsara takardar tuhuma, beli, hurumin kotu, rajistar kamfani, jinginar gida, wasiyya. Wannan zai nuna maka inda za ka fi ba lokaci, ba abin da za ka tsallake ba. Masu cewa "wannan ya fito bara, ba zai fito bana ba" su ne ake gani a layin maimaici.

Sai babban tarkon, wato tsufan amsoshi. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta maye gurbin ta 1990, lambobin sassa sun canza, hukunci ma ya canza. Tsohuwar amsa za ta ce sai mutum biyu ake kafa kamfani, alhali yanzu mutum ɗaya na iya kafa kamfani mai zaman kansa. Za ta ce mafi ƙarancin jari naira 10,000 ne, yanzu kuwa 100,000 ne, na kamfanin jama'a kuma ya tashi daga 500,000 zuwa miliyan 2. Ƙa'idojin ladabin lauyoyi na 2007 su ma na 2023 sun shafe su. Duk takardar shari'ar laifuka da ta girmi 2015 an amsa ta ne kafin dokar ACJA, wato dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuka. Tambayar tana da amfani har gobe, amsar ce ta mutu. Saboda haka kada ka yarda da kowane sashe da ka gani a ɗan littafin amsoshin da ake sayarwa a bakin makaranta sai ka buɗe dokar da kanka ka gani da idonka. Wasu amsoshin ɗalibai ne irinka suka rubuta, ba malamai ba.

Yadda zama ɗaya zai kasance: ka ɗauki tambaya guda, ka karanta abin da aka ce ka yi tun kafin ka karanta labarin, sannan ka koma labarin kana ja wa sunaye, ranaku, kuɗi da gari layi. Garin nan kada ka raina shi. In abin ya faru a Kano, kundin laifuka na Final Kod ne da dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta jihar. In a Legas ne, kundin laifuka na can ne. In a Abuja ne, Final Kod da ACJA. Mutum zai tsara tuhuma mai kyau ya kai ta kotun da ba ta da hurumi, maki ya zube tun daga kan takarda. Mu 'yan nan yankin akwai ƙarin wani abu: tambayar wasiyya na zuwa sai hannu ya tafi kan sulusi da rabon gado kamar yadda aka koya tun a zaure. Tsaya tukuna ka duba jihar da mamacin yake da dokar wasiyyar da ke aiki a can.

In takardar awa uku ce mai tambayoyi huɗu, minti 45 ke nan kowace. Agogo na cika ka ajiye biro ko kana tsakiyar jimla. Daga nan ka ɗauki jan biro ka yi wa kanka maki ba sani ba sabo, kuma kowane kuskure ka rubuta dalilinsa: ban san dokar ba, na sani na manta, ban fahimci tambayar ba, ko lokaci ya ƙure. Maganinsu daban-daban ne. Na farko komawa littafi, na biyu bita, na uku rage gaggawa, na huɗu rage surutu. Wannan ba jami'a ba ce da ake cika shafi da tarihin doka. Faɗi matsayin doka, kawo sashe ko shari'a, ɗora a kan labarin, wuce. Bayan mako guda ka sake amsa wadda ka faɗi, ba tare da leƙa gyaran ba.

Tsara takardu shi ya fi cin mutane, don ido na ganin ya iya, hannu bai iya ba. Kullum ka rubuta guda daga ka: moshan (takardar roƙon kotu), takardar rantsuwa, tuhuma, ƙudurin kamfani, takardar sayar da fili. A takardar rantsuwa, sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana cusa muhawarar doka ko roƙo, zallar abin da ya faru ake so. A ta fili kada ka manta gurbin amincewar gwamna da sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta. Wurin sa hannu a takardun kotu kuma sunan lauya ake sawa, ba na ofishinsa kaɗai ba, Kotun Ƙoli ta yanke wannan a shari'ar Okafor da Nweke a 2007. In ka dawo Katsina zaman koyon aiki a kotu, ka roƙi magatakarda a Babbar Kotu ya bari ka duba fayil na gaske, ka kwatanta da naka layi-layi.

Tambayoyin zaɓi kuwa gudu ne, ba ka da cikakken minti a kowace. Ka riƙa yin ashirin a jere, wadda ta tsaya maka ka wuce ka dawo.

Darasin da ka fi ƙi shi za ka ba safiyarka. Takardun shekaru biyu na baya-bayan nan kuma kada ka taɓa su yanzu. Ɓoye su sai saura mako uku, ka zauna musu cur, darasi guda a rana, a daidai lokacin da za a yi ta gasken. Allah Ya ba da sa'a.