Yarona ya jira aikin gwamnati ko in sa shi butik?

Wani Alhaji mai saida shinkafa da taliya a babbar kasuwar Maradi ya rubuto min, yace yaronshi ya gama jami'a shekara 2 kenan yana zaune yana jiran a ɗauke shi aiki, shi kuma yana da miliyan 2 na sefa a aje, ya buɗa mishi butik irin nashi ko su ƙara haƙuri?

Alhaji zancen jira dai a bar shi. Gwamnati ba ta iya ɗaukar duk yaran da ke fitowa kowace shekara, in aikin ya zo daga baya ai bai ɓaci ba.

Amma butik irin naka ma ban so ba, tsaya ka ji. Iyayenmu a garin nan gyaɗa ta ciyar da su, manomi da mai awo da ɗan dako da direba kowa a jikinta yake ci, sai farin 1973 da na 1984 suka karya ta, mutane suka koma fataucin Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, nan Alhazan Maradi suka yi suna. To kai da kanka ka ga abinda ya faru da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, manyan motoci tsaye, 'yan dako zaune ƙarƙashin itace babu ko dala. In kai da ɗanka duka iyaka ɗaya ke ciyar da ku, ranar da aka rufe gidan gaba ɗaya ne zai ji.

Har yanzu noma ne ya riƙe yawancin mutanen Nijar, sai dai samari na ta barin gona suna shigowa gari, kabu-kabu, adaidaita, gyaran salula, tura kuɗi. Kabu-kabu kam ya cika, kar ka soma. Inda nake ganin hannu bai isa ba shi ne haɗa sola da gyaran famfon masu noman rani, sai kuma sarrafa abinda muke nomawa, aya da riɗi da wake da muke saidawa a buhu wasu su ci ribar.

Ka sa shi wajen mai sana'ar ya yi wata 6, ya zaɓa da kanshi, kar ka tilasta mishi. Jikka 500 ta isa kayan farawa. Sauran ka riƙe sai ka ga littafin shiga da fita na wata 3 da hannunshi ya rubuta.