Ruwan burtsatse da tabon haƙoran yara

Tambaya: Likita, ni uwa ce a Mabera, Sakkwato. Sababbin haƙoran ɗana mai shekara 7 sun fito da fararen ɗigo-ɗigo, wasu har sun fara yin ruwan ƙasa, ga shi kullum yana goge baki. Wata maƙwabciya ta ce ruwan burtsatsenmu ne. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, maganar maƙwabciyarki na iya zama gaskiya. Akwai sinadarin fuloraid da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kwasowa daga duwatsu. Kaɗan daga cikinsa alheri ne, domin yana ƙarfafa ɓawon haƙori ya hana shi ruɓewa, shi ya sa ake zuba shi a man goge baki. Amma in ya yi yawa, yakan bar irin wannan tabo a haƙoran yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya. Amurka kuwa a 2015 ta ba da shawarar 0.7 a ruwan famfon da ake zuba wa fuloraid.

Abin da ya fi damuna shi ne zafinmu. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yaro kan koma bakin randa sau ba adadi. Yawan shan ruwa na ƙara abin da ke shiga jiki, don haka ruwan da yake daf da 1.5 zai iya yi wa yaron Sakkwato yawa.

Wannan tabo ba datti ba ne, buroshi ko asuwaki ba sa fitar da shi. Tun haƙorin na cikin dasashi yake samuwa, kafin yaro ya kai kimanin shekara 8. Don Allah kada a dirje masa da gawayi ko toka, ƙara cinye haƙorin za a yi. Ki kai shi wurin likitan haƙori ya tabbatar, saboda farkon ruɓewa ma yakan fara da farin tabo.

Sai ki ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a gwada a ɗakin gwaji, domin fuloraid ba ya da launi, ba ya da ɗanɗano. Tafasawa ba ta rage shi. In an samu ya yi yawa, a sauya masa shi da ƙannensa ruwan sha da na girki tun yanzu, haƙoran da ba su gama samuwa ba ne za a iya cetowa. Man goge baki kuma, ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, a koya masa ya tofar, kada ya haɗiye.